Yatsan Belarmino

Ranar da aka rufe mashigar jiragen ruwa zuwa tsibirinmu,
kwali ɗaya suka aiko mini daga Castro:
allo mai faɗin tafi biyu,
da 'yar na'ura mai bakin ƙaguwa,
ta ciji yatsa, ta faɗi yawan iskar da ke cikin jini,
da takarda: daga yau likitarki tana cikin allon.

Shekara goma sha tara ina jinya a nan,
na san tarin kowa tun bai ƙwanƙwasa ba.
Yanzu an ce in koyi dannawa, in koyi jira,
in zuba wa da'irar nan ido tana juyi
kamar kare mai neman makwanci.

Sabis bai san gidajen masu rai ba.
Sai kan tudu, bayan cocin katako,
tsakanin kaburburan masunta.
Can nake hawa da lema da jiƙaƙƙen takunkumi,
ina karanta wa Dakta Ximena lambobin majinyata,
matattu suna saurare.

Daren Laraba zazzaɓi ya kayar da Belarmino Cárcamo.
Na maƙala masa ƙaguwar.
Tamanin da ɗaya.
Manhaja ta yi ja, ta yi tsuwa: a ɗauke shi yanzu.
A ɗauke shi da me?
Teku ta kumbura har gindin shinge.

Na ce, tashi mu hau tudu likita ta gan ka.
Ya ce, Fresia, tudun nan sau ɗaya zan hau shi,
kuma ba da ƙafata ba.

Na hau ni kaɗai. Ruwa yana marin allo,
fuskar Ximena tana tsagewa tana haɗewa,
rabin maganarta ya maƙale a teku.
Ta ce, leɓensa fa? Yana kai zance ƙarshe?
Na ce, har zagina ya yi, bai tsaya shan iska ba.
Ta yi dariya, hoton ya daskare a kan dariyar.
Da ya dawo, kalma biyu na tsinta:
hannunsa, sanyi.

Ashe!
Hannun da ya shekara sittin yana jan igiya cikin ruwa mai yankan ƙashi,
fata kamar ƙirgi,
jini ba ya yawan leƙa bakin yatsunsa.
Na gangaro a guje, taɓo ya kayar da ni sau ɗaya.
Eduvigis ta tono dankali biyu daga toka,
muka naɗe da ulu, muka damƙa masa.
Minti goma ba mai magana sai murhu.
Na sake maƙalawa.
Tamanin da tara. Casa'in da biyu. Casa'in da huɗu.
Ya ce, to, tunda ƙarfe ya yarda ina da rai,
a miƙo gishiri.

Ba kowane dare ne ya waye haka ba.
Bayan wata biyu ƙaguwar ta ciji Eduvigis,
hannunta da ɗumi, lamba tana gangara,
wannan karon ba ƙarya.
Lambar ce ta kira jirgin ceto da asuba,
ita ta sayo mata kwana tara.
A na tara, Ximena ta ce a kawo mijin.

Ya hau tudun.
Da ƙafarsa, yana hutawa a kowane gicciye.
Na riƙe masa allon, na kau da kai.
Ban ji abin da ya ce ba.
Na dai ga babban yatsansa yana goge ruwa
daga gilashin, daidai kumatunta.

Bana an kafa dogon ƙarfe,
sabis ya shiga har ɗakin girki.
Shi kuwa duk Lahadi yana can sama.
Wai ta fi kowa dacen wuri, in ji shi,
sanda huɗu cif a kanta.

Ni kuma sau uku ina rubuta wa masu manhaja
su ƙara layi ɗaya kafin jan gargaɗin:
a fara ɗumama hannu.
Sun ce sun gode, suna dubawa.
Kafin su gama,
ina yawo da dankali a aljihu.