Ƙosan Dona Zulmira

A Salvador, kan gangaren da ke kallon teku,
Dona Zulmira ta ɗora kasko tun la'asar.
Farin zane, farin ɗankwali,
manja na tafasa jawur.

Ƙosai ukun farko ba na sayarwa ba ne.
Takan ajiye su bakin hanya
don kakannin da jirgi ya sauke
cikin sarƙa, ba guzuri.

Valdeci ɗan dako ya tsaya nesa
yana laluben aljihun wofi.
Ko kai ba ta ɗaga ba.
Ta tsaga ɗaya, ta cusa jatan lande da barkono,
ta ce, "Riƙe mini, ɗana, hannuna ya gaji."

Ya riƙe.
Har yau bai mayar ba.