Jakar da Ba Na So a Buɗe

An ɗauke wuta tun bayan isha'i.
Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida,
tocila a bakina, jaka a cinyata,
tsohuwar jakar makarantar Ummita
wadda zif ɗinta ke cizo.
Gobe Asabar. Gobe Kangimi.

Kande na daga ɗaki tana mini dariya:
"Kifi za ka kamo, ko asibiti za ka buɗe?"
Ban tanka ba. Bakina na riƙe da haske.

Auduga. Aidin, kwalbar da ta rina mini aljihu bara.
Bandeji biyu, almakashi,
sai ƙaramar filayar nan mai dogon baki
da na tsinta a kasuwar Panteka.
Ƙugiya ba ta san kifi ba, ba ta san mai ita ba.
Tambayi babban yatsan Sallau,
ƙato da gemu,
ya yi kukan da bai yi ba ranar shayi.

Ashana cikin kwalbar magani, murfi a murɗe.
Gishiri da sukari, ƙulli guda-guda,
don ranar da ciki zai juya inda babu kemis.
Ƙuli-ƙuli, dabino bakwai, garin kwaki gwangwani ɗaya.
Igiya gaba goma,
na ɗaura ta jikin gwaiba na ja, na ja,
har ɗanyu suka zubo mini a ka.
Jarka biyu fanko:
babu komai cikinsu sai iska,
kuma iskar ce kayan.

Sai usur.
A nan hannuna yakan tsaya.

Jatau ya fi mu iya ruwa, mu duka.
A bakin kogi aka haife shi, nan Kabala,
yakan ce ko kada sai ta gaishe shi kafin ta wuce.
Ba ya ɗaukar komai sai fatsa da gwangwanin tana.
Ran nan hadari ya haɗo daga gabas,
baƙi kamar gindin tukunya,
muka ce a juya, ya ce saura jifa ɗaya,
karfasa ta fara ci.

Muna jin muryarsa.
Wallahi muna ji.
Iska ce ta raba ta gida huɗu,
ta kai mana kowane kashi wani gefe.
Muka yi gabas, ashe yana yamma.
Da asuba masunta suka kawo hularsa,
da hantsi suka kawo shi.

Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda.
Iya ruwa fidda kai, wannan ma na yarda.
Amma usur ɗin naira ɗari biyu ne,
kuma iska ba ta iya tauna ƙararsa.
Na saya uku. Na sa musu zare.
Sallau ya ce mun zama alƙalan wasa.
Ya rataya nasa dai.

Kande ta fito, dariyar ta ƙare.
Ta rubuta lambarta a bayan katin asibiti,
ta naɗe da waya cikin ledar burodi, ninki biyu.
Ta cusa busasshiyar riga a ƙasa,
da tsohon zanenta mai kaurin hayaƙi.
"Yaushe?"
Na cire tocila na ce, "La'asar."
"In aka kira magariba ban ji babur ba,
zan tada unguwa."
Na san za ta tada.

Abu ɗaya ne bai shiga jakar ba,
na juya ta, babu aljihunsa:
mutum ya ga tarwaɗa na ci, sama na haɗewa,
ya naɗe fatsarsa.
Wannan a ƙirji ake ɗaukarsa,
kuma yakan zube a hanya.

Zif ya ciji yatsana, ya rufe.
Allah sa in sha nauyinta a banza,
in dawo ina mita,
da kifi uku ko babu ko ɗaya,
Kande ta sami abin dariya har wata Asabar.