Jiƙaƙƙen Tsumma

Baba Ishaya ya bar masaƙar Kakuri
ranar da injuna suka yi shiru.
Ya fito da jakar buhu, da kan wutar gas,
da yatsu biyu da ba sa lanƙwasuwa.
A hannun nan na koyi aikin famfo.

Aikina na farko ni kaɗai, wani bene a Malali.
Bawul sabo dal daga Panteka,
tagulla mai nauyi a tafin hannu,
ƙwallo a cikinsa kamar ƙwayar ido,
farar roba na riƙe da shi hagu da dama.
Na goge bakin bututu da samfefa har ya yi ja,
na shafa mai, na zura,
na sakar masa wuta a tsakiyar ciki.
Dalma ta zagaye tana ƙyalli.
Na karɓi kuɗina, na tsaya wajen mai tsire.

Ƙarfe biyun dare aka kawo ruwa.
Ɗis. Ɗis.
Kafin asuba silin ya yi ciki.

Baba bai ɗaga murya ba.
Ya yanko bawul ɗin, ya tsaga shi da zarto,
ga roba ta ƙudundune
kamar ganda a kan garwashi.
"Baya ka gani ka yi murna. Cikin fa?"

Ya kwance mariƙin sabo, ya buɗe ƙwallon,
ya yagi tsohon zanen Mama Saraya,
ya tsoma a bokiti, ya naɗe jikin bawul
yadda ake wa goshin mai zazzaɓi.
Harshen wuta ya juya wa roba baya,
bututu yake lasa, can nesa kaɗan,
har zafi ya tako da ƙafarsa zuwa gaɓa.
Dalma ta taɓa, ta shige don kanta,
ba wanda ya tura ta.
Tsumma na tsuwwa, yana tururi.
"Ɗauke wutar. Kar ka murɗa.
Bar shi ya huce, mu sha shayi."

Shekara tara ke nan da binne shi.

Jiya Lawandi, yaron shagona,
ya ƙone bawul uku a gida ɗaya a Barnawa.
Na ji wuta ta taso mini har maƙogwaro.
Yana tsaye, kai a ƙasa,
yana murza yatsu a gefen wando.

Na laluba jaka, na zaro zarto.
Na ce ya ɗebo ruwa a bokiti.