Gurbi

Na ɗauki hoton ƙofar gidanmu a Birni.
Damina ta cinye rabin zanen bango,
ido bai yarda ba:
ya kama wutsiyar layin, ya rufe da'irar da kansa.

Mata biyu sun raɓe a inuwa guda.
Kowa ya gani sai ya ce ciki ɗaya suka fito.
Ko sunan juna ba su sani ba.

Zabairu mai wankin hoto a Zango ya ce,
"Ka bar fili da yawa a hagu."

Wane fili?
Ga buzu, ga buta, ga takalma a gindin dakali.
Baba ya shekara uku a ƙasa,
ido dai ya ƙi ji,
yana ta zaunar da shi.