Jakar Cikin Waya

Ƙarfe ɗaya na dare, Jekadafari ta yi tsit,
an ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
ni da waya kaɗai muka rage ido biyu.
Ga ta nan, jaka ruwan ƙasa, maɓallinta kamar zinare,
da sunan wani Bature a goshinta
wanda harshena bai taɓa iya faɗa ba.

Ta ainihi, an ce, kuɗin fili ce a Tumfure.
Wannan kuwa dubu talatin da biyar,
har da kuɗin mota daga Ikko.
"Hajiya, ko mai kamfanin ba zai gane ba,"
in ji mai shagon da ba shi da ƙofa,
ba shi da maƙwabcin da zan kai wa ƙara,
sai lambar asusu da hoton fure.

Bikin Saudatu saura kwana tara.
Na san teburin da za a zaunar da ni.
Na san idon Adda Fanta,
yakan gaisa da jaka da takalmi tukuna
kafin ya ɗago ya nemi fuska.

Bara Ummita ta tura kuɗin adashenta,
har yau lambar a kashe take.
Ta Hansatu ta iso lafiya lau,
amma ranar suna a Bolari hannun ya tsinke,
hoda da makullai suka watse gaban jama'a,
fatar kuma ta dinga saɓa kamar ƙadangare.
Duk wannan bai tsorata ni ba.
Na ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.

Yatsana na kan allon
sai ƙamshi ya taso daga ƙarƙashin gado,
humrar da na jiƙa tun watan azumi.
Shekara shida ina gyara haɗin nan,
farce, sandal, miski, hayaƙi har idona ya yi ja,
kafin sunana ya zauna a bakin mata.
Rana ɗaya wata a Kumo
ta buga takardata, launi da lamba,
ta manna a kwalaben ruwan banza.
Amarya ta yi ƙuraje a wuya,
ni aka kira aka zaga.
Kwana uku ban ci tuwon kirki ba,
ina cewa Allah ya isa algus.

To wa ya ɗinka wannan jakar?
A wane ɗaki, nawa aka ba shi?
Zuciya ta ce: Baturen nan ya ƙoshi,
ɗigo ɗaya ba ya rage kogi.
Na ce haka ita ma ta Kumo ta faɗa
da ta ga na sayi babur na kai saƙo.

Kuma ko ba wanda ya gane a zauren biki,
ni da zan rataya ta na sani.
Duk wadda ta ce "Masha Allah, nawa?"
sai na ɗinka mata ƙarya ta biyu.

Caji ya mutu kafin in yanke.

Da safe na bi ta Tsohuwar Kasuwa,
wurin Bappa Hammadu baduku.
Ya shimfiɗa jar fatar akuya a gwiwa,
ya ce Laraba, in Allah ya kai mu.
Na tambaye shi wane suna zai sa a jiki.
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya ce, "Suna kuma? Ai ɗinkin ya isa."

Na ba da rabin kuɗi.
Hoton waccan dai yana cikin wayata,
ban goge ba tukuna.