Kunkurun Baffa Gidado

A Dukku, bayan tsohuwar marina,
ƙarƙashin rumfar kara mai yoyo,
Baffa Gidado ya sa ƙafa a takala
tun ban san dama da hagu ba.

Ƙoshiya ta wuce, masefi ya buga,
ta dawo, ya sake bugawa.
Can ƙarshen zare kunkuru na ɗauke da dutse,
yana jan ciki, taƙi bayan taƙi,
shi kaɗai ne baƙon da ba ya saɓa alkawari.

Yanzu ni nake zura masa zare a allera,
don yana ta cinye idon hagu,
na dama kuma sai ya kanne.
Yatsunsa duk kanta,
ko ƙaya ta shiga sai an gaya masa.
Idan tari ya taso da asuba
har kajin Inna Dudu sukan farka,
ƙurar kaɗa ce ta shekara arba'in
take neman ƙofar fita.

Malamar asibiti ta danna ƙugunsa, ya yi ƙara.
Ta ce, "Baffa, ka rage zama."
Ya ce, "'Yata, a garinku a tsaye ake saƙa?"
Ta yi dariya, ta rubuta ƙwayoyi.
Muka sayi rabi.

Ran kasuwa dillali ya zo daga Gombe,
ya ɗaga luru, ya leƙa rana ta cikinsa,
ya ce bargon kanti ya fi araha.
Aikin kwana tara
ya koma tiya huɗu ta masara
da man zafi na murfin kwalba.
Da dare na murza masa baya,
ƙashi na ƙirguwa kamar carbi,
sannan ya ja tsohon bargon gwanjo ya rufa,
shi da ya lulluɓe rabin gari.

A masallaci kujerar roba ce tasa, gefen sahu.
Ruku'u kam, in ji shi, ya riga kowa,
tun bara bai ɗago ba.

Jiya da la'asar kunkuru ya iso gabansa.
Ya dube shi, ya daɗe.
Ya ce, "Yaro, mai da shi baya,
ka ce masa ba yau ba."

Na ja dutsen har gindin tsamiya.
Da nauyi.
Kafin in juyo, na ji ƙoshiya ta wuce.