Bakin Wa Ka Ɗauko?

Tun muna yara a Tawa ake yi wa hankaka gori:
mai da ɗan wani naka.
Ba wanda ya taɓa tambaya
wa ya kai masa ɗan.

Ni na ga mai kaiwa, ko da yake ba gidan hankaka ba.
A bunun rumfarmu, nan Bilbis,
jan ba'u na da sheƙa shekara da shekaru.
Akwai kuma wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi
kamar rawanin da ya sha bugu,
bai taɓa ɗaukar tsinke a baki ba.
Shi yana kan wayar lantarki yana rera kukan ba'u.
Matar, launin ƙasa, ba mai kallonta sau biyu,
takan jira masu gida su tafi kalen gero,
ta shiga, ta fito.
Kurɓar ruwa ta fi haka daɗewa.
Ƙwai huɗu sun zama biyar,
ba'u kuwa ba ta yi lakkol ba.

In ɗan ya wage baki,
ɗige-ɗigen ganɗarsa na 'ya'yan gida ne sak,
sai ka ce wanzami ɗaya ya yi musu tsaga.
A ɗura masa.
Ya haɗiye tsaba, ya haɗiye murya tare da ita.

Shekarar da Nomau ya aiko kuɗi daga Abijan
muka sauke bunu, muka buga kwano.
Ba'u ta yi kwana uku tana zagaye, ta ƙaura.
Baƙuwar ta iso da ƙwai a ciki,
ƙwai kuwa ba ya jiran a yi shawara.
Ta ga sheƙar asisi a cikin aduwa,
ƙofar ba irin wadda ta sani ba.
Ta shiga dai.

Kada in yi muku ƙarya, yawancinsu mutuwa suke.
Tsagar ba ta gidan ba ce,
uwa ta leƙa bakin, ta tsallake.
Biyu na share a gindin aduwar nan,
tururuwa sun riga ni.
Sai wata damina ta yi albarka har rowa ta ji kunya,
ɗaya ya rayu.

Da ya yi baƙi ya hau waya
na ji asisi a bakin da ba nata ba.
Matan danginsa suka yi ta wuce shi.
Kaka guda yana rera wa iska,
kafin wata ta sauko,
wadda ita ma a cikin ƙaya ta buɗe ido,
kukan ya faɗa mata a kunne kamar kiran suna.
Da nata ƙwan ya matsa ba ta nemi bunu ba.
Ba taro, ba ganga, ba wanda ya ce mu tashi.
Kuskuren uwa ɗaya ya zama turbar jikoki.

Bara Nomau ya turo 'yarsa Tsahara hutu, da ƙanenta.
Goshin Iya, tafiyar Iya,
har yadda take riƙe ludayi.
Na ce, ina kwana? Ta tsaya kallon leɓena,
ta amsa da Julanci, ta yi dariya.
Da dare na ji tana lallashin yaron
da waƙar wata mai sayar da aceke
wadda ta goya ta watannin da uwarta ke kwance.
Ban gane ko kalma ɗaya ba.
Yaron ya yi barci.

Iya ta ce, an sace mana yarinya.
Na yi shiru. Ina tunanin matar can
da ta leƙa bakin da ba tsagar gidanta ba,
ba ta tsallake ba.
Mu ma Adarawa, wa ya san a sheƙar wa
kakanmu ya tsinci Hausar da muke rantsuwa da ita?

Da safe yana kan waya.
Tsahara ta nuna shi da yatsa,
ina jin sunansa take tambaya.
Na ce ba'u. Na ce a'a, asisi.
Na ce, tsaya tukuna.
Na miƙa mata koko tun bai huce ba.